Maye Ba Bamfaya Ba Ne: Amsa Ga Mai Son Rubuta Labarin Masu Shan Jini

Wata ɗaliba daga Argungu ta aiko mini da tambaya mai rassa. Ta ce ta daɗe tana karanta littattafan Turawa na bamfaya, wato matattun nan da ake cewa suna tashi daga kabari su sha jinin mutane, da na dodanni da matsafa, kuma a ganinta sun fi namu daɗi da tsoratarwa nesa ba kusa ba, don namu tatsuniyar yara ce. Yanzu tana son ta rubuta nata da Hausa. Ƙawayenta sun ce abin ba wuya, ta cire bamfaya ta sa maye, shi ke nan. Yayanta kuma ya ce wannan kwaikwayon Nasara ne, bai ma dace da 'yar Musulmi ba. Tana son ta ji wa ke da gaskiya.

Ɗiyata, Allah ya yi miki albarka, ya ƙara miki son karatu. Shawarar ƙawayenki ita ce na fi jin tsoro a cikin duka, don haka a kanta zan fi daɗewa. Yayanki akwai abin dubawa a maganarsa, amma bai kai ga hana ki rubutu ba. Ke ma akwai inda na bi bayanki, akwai inda muka rabu.

Bamfaya ba a littafi aka haife shi ba. A ƙauyukan Sabiya, wata ƙasa a Turai, da maƙwabtanta ya fito, cikin manoma talakawa. A 1725, a wani ƙauye mai suna Kisiljevo, wani manomi Petar Blagojević ya mutu, sai mutane suka yi ta mutuwa a bayansa cikin 'yan kwanaki, wasu suna cewa kafin su cika shi ne yake zuwar musu da dare yana danne su. Mutanen ƙauyen suka matsa wa jami'in gwamnatin Ostiriya da ke mulkin yankin, aka tone kabarin a gabansa, aka ga gawar ba ta lalace ba, ga jini a bakinta. Aka soke ta da tsinin itace aka ƙone. A 1732 wani likitan soja, Johannes Flückinger, ya rubuta rahoto a kan irin wannan tone-tonen a ƙauyen Medveđa, rahoton ya bazu a jaridun Turai, daga nan duniya ta san sunan. Abin ya yi ƙamari har a 1755 Sarauniya Maria Theresa ta Ostiriya ta sa likitanta Gerard van Swieten ya duba lamarin, ya ce jahilci ne, ta kafa dokar hana tone matattu.

Abin da mutanen suka gani da idonsu gaskiya ne, fassarar ce ta ɓace musu. A ƙasa mai sanyi gawa tana jimawa ba ta ruɓe ba. In ta fara, iska takan taru a cikinta ta kumbura, sai a ga kamar mamacin ya yi ƙiba. Iskar nan ce ke turo baƙin ruwa mai kama da jini ta baki da hanci. Fata takan janye, sai farce da gemu su yi kamar sun ƙara tsawo. In aka soka mata itace a ƙirji, iskar ta bi ta maƙogwaro, sai a ji wani nishi. Wanda bai san wannan ba, kuma ya binne 'yan uwansa uku a mako guda, me kike so ya ce? Kusan duk inda aka yi tonon nan, cuta ce ke bin gida ɗaya tana ɗauka ɗaya bayan ɗaya. Har a Amurka an yi: a 1892, a jihar Rhode Island, tarin fuka ya kama wani gida, aka tone wata budurwa Mercy Brown, aka ƙone zuciyarta aka jiƙa tokar aka ba ɗan uwanta da ke kwance. Bai jima ba shi ma ya bi ta. Alhali tun 1882 Robert Koch ya riga ya gano ƙwayar cutar.

To, ki dubi yadda muke yi da mamacinmu. Mutum ya rasu da hantsi, kafin la'asar an yi masa wanka, an sa masa likkafani, an sallace shi, an kai shi. An haƙa uwar kabari da 'yarsa, an kwantar da shi ta gefen dama yana fuskantar alƙibla, an jera itace ko fasassun tukwane, an toshe kafofi da laka, an mayar da ƙasa. A ƙauye har ƙaya ake ɗorawa saboda kura. Ba akwati, ba ɗakin ajiye matattu na dangi a ƙarƙashin gida, kuma ba mai komawa ya leƙa. Ga zafin ƙasarmu da ba ya barin gawa ta daɗe. Sama da duk wannan akwai aƙida: a Suratul Muminun, aya ta 99 da ta 100, wanda mutuwa ta zo masa ya roƙi a mayar da shi an ce masa a'a, akwai shamaki a bayansu har ranar tashi. Yaron da ya tashi da wannan, ki ce masa ga gawa ta fito daga maƙabartar garinsu tana neman wuyan da za ta ciza, zai iya jin daɗin labarin, amma ba zai kasa barci ba. Muna da fatalwa, gaskiya ne, sai dai fatalwa ba gangar jiki ba ce, ba ta cizo, kuma da yawa cewa suke aljani ne ya ari siffar mamacin.

Maye kuwa rayayye ne. Yana cin tuwo, yana zuwa kasuwa, yana zuwa suna da biki. A yadda Bahaushe ya ɗauki abin, maita wata ƙanƙara ce a cikin cikin mutum, an fi cewa a nonon uwa ake shanta, wasu kuma su ce ana saye ko a ba mutum a abinci bai sani ba. Abin da maye yake kamawa kurwa ce, ba jini ba. Yana ganinta a siffar wata 'yar dabba ko tsuntsu, ya kama ya ɓoye a rami ko kogon itace ko ƙarƙashin murhu, mai ita ya kwanta ciwo yana ramewa. In ba a sa ya saki ba har ya ci, sai mutuwa. Maganin da aka sani shi ne a sa wanda ake zargi ya tsallake mara lafiyar, ko a kira Sarkin Mayu. Kin ji yara da mata in sun tsargu da kallon wani suna cewa "kurwata kur, ka ci kanka, ka sha baƙin ruwa." Wannan duka tsari ne cikakke, da dokokinsa da maganinsa da masu sarautarsa, kuma bai haɗa hanya da na Sabiya ba ko kaɗan.

Bambancin nan shi ke juya labari gaba ɗaya. A littafin Bram Stoker na 1897, wanda kusan duk na baya suka sha daga gare shi, Dirakula, bamfayan labarin, baƙo ne. Daga Tiransilbaniya, wani yanki a gabashin Turai, ya taso, ya shigo Ingila a jirgin ruwa da akwatunan ƙasar garinsu, mutanen kirki suka haɗa kai suka kore shi, suka bi shi har gida suka halaka shi. Ba wanda ya yi musu tambaya, don abin da suka kashe ya riga ya mutu. Mai karatu ya rufe littafi hankalinsa kwance: mugu daga waje ya zo, an gama da shi. Ki gwada wannan da maye ki gani. Wa za a kora? Kishiyar uwa ce, ko gwaggo, ko tsohuwar da ke sayar da daddawa a ƙofar gida, wadda ta yi wa rabin unguwa wankan jego. Ba ta da fiƙa, madubi yana nuna ta, rana ba ta ƙona ta. Ba wata alama a jikinta da za ki nuna ki ce ga shi. In jarumanki suka yi mata abin da aka yi wa Dirakula, kisan kai suka yi. Saboda haka labarin maita, in za a rubuta shi da gaskiya, labarin zato ne: yadda zato yake shiga gida, yadda yake girma, wa yake ci.

Ki kawo wannan a ranki. Yarinya 'yar shekara tara ta kwana biyu da zazzaɓi, jikinta kamar garwashi, idonta ya juye. An shafa mata man zafi, an yi tofi, an turara. Cikin dare ta fara sambatu, ta ce, "Inna Tumba, ki bari, ki bari." Uwar ta ɗago kai ta dubi kakar, kakar ta dubi ƙasa. Ba wanda ya ce komai. Da asuba maganar ta riga ta tsallaka katanga uku. Wani ya tuna bara ma da ɗan wane ya rasu, tsohuwar ta shiga gidan da yamma neman wuta. Wata ta tuna uwar tsohuwar ba 'yar garin ba ce. Kafin hantsi samari sun cika ƙofar ɗakinta, ita kuwa tana zaune tana tsinkar zogale, ba ta san an yi ba. Abin da yarinyar ke tunawa cikin zafin ciwo shi ne ranar da tsohuwar ta riƙe ta ana yi mata sakiya a ƙafa. Wannan misali ne na ƙirƙira miki, amma duk wanda ya tashi a garuruwanmu ya san irinsa. Ki gaya mini wane kabari ne a Tiransilbaniya ya kai wannan safiyar ban tsoro.

A nan ne nauyi ya hau kanki, kuma ina so ki ji shi sosai. Baturiyar da ke rubuta labarin bamfaya a yau tana wasa da abin da ba wanda ya yarda da shi a unguwarsu. Ba tsohuwar da za a jefa a Landan saboda littafinta. Ke kuwa masu karatunki da yawa sun yarda akwai maita, wasunsu ma suna da wadda suke zargi. Gidan da aka liƙa wa sunan nan, 'yan matansa sukan rasa manema, a daina sayen abincinsu, a hana yara shiga, wani lokaci a kai ga duka ko ƙona ɗaki ko rasa rai. Dokar Nijeriya ta haramta jifan mutum da maita, amma kafin magana ta kai gaban alƙali an riga an yi ɓarnar. Kuma abin da ya sa manoman Sabiya tone kaburbura yana nan tare da mu, wato mutuwa mai bin gida ba a san dalilinta ba. Zazzaɓin cizon sauro in ya hau kai yana sa sambatu. Sanƙarau ma haka, kuma annobarsa da ta faro daga Zamfara a ƙarshen 2016 ta ci fiye da mutum 1,000 a ƙasar nan kafin ta lafa a 2017. A 2010, a ƙauyukan Anka da Bukkuyum irin su Bagega da Dareta da 'Yargalma, yara sun yi ta suma da jijjiga suna mutuwa, fiye da 400, sai da aka auna jininsu aka gane gubar dalma ce daga ƙurar duwatsun zinariya da ake niƙawa a cikin gidaje. Abin da ke cinye yaran yana cikin turmi da tsakar gida, ido ba ya ganinsa. Marubucin da ya san wannan ba zai rubuta littafin da ƙarshensa shi ne an kama tsohuwa, ta amsa laifi, an huta ba. Irin wannan littafin itace yake ƙara wa wutar da ke ci.

Ban ce kada ki taɓa maita ba. Cewa na yi ki shige ta da ido biyu. Kina iya rubuta labarin da mai karatu zai kai shafin ƙarshe bai tabbatar ko tsohuwar mayya ce ba, amma ya ga abin da zargin ya yi wa gari, ya ga kansa a cikin masu jifa. Kina iya ba da labarin daga bakin jikarta, wadda aka fasa aurenta saura kwana kaɗan. In kuma kin fi son ki shiga duniyar almara sosai, inda maitar gaskiya ce a cikin labarin, to ki ba mu ita daga ciki: budurwar da ta gane ta gaji abin da ba ta roƙa ba, tana ganin kurwar ƙanenta tana kai da kawo a gabanta, tana yaƙi da yunwar da ba ta iya gaya wa kowa. Na lura abin da ke jan ku zuwa bamfayan zamani ke nan, halittar da ke ƙin abin da take, tana son mutum tana kuma tsoron ta cinye shi. Ga shi a gida, kuma ya fi ciwo, don ita ba ta da wani tsohon gidan sarauta a kan dutse da za ta gudu ta ɓuya, ɗaki ɗaya suke kwana da yaron.

Kyakkyawan bamfayan nan mai kuɗi da iya magana, wanda 'yan mata ke mutuwar so, shi ma ƙirƙirar marubuta ne. Na ƙauyen Sabiya kumburarren manomi ne mai wari. John Polidori, likitan mawaƙin Ingila Lord Byron, shi ya fara mayar da shi basarake mai farin jini a gajeren labarinsa na 1819, kuma halayen maigidan nasa ya ɗora masa. In wannan ɓangaren ne ya fi burge ki, ɗan uwansa na gida ba maye ba ne. Ki tuna tatsuniyar yarinyar da ta ƙi duk samarin garinsu, ta ce ba ta auren mai tabo ko ɗaya a jiki, har wani kyakkyawan baƙo ya zo ta bi shi, sai da suka yi nisa cikin daji ya koma abin da yake. Ki tuna kuma abin da mata ke faɗa a kan namijin dare, aljanin da ake cewa yana auren mace ya kore mata manema. Sha'awa da haɗari a jiki ɗaya, baƙon da ya fi kowa kyau kuma ba a san asalinsa ba: kakanninki sun riga Polidori sanin wannan. Masu shan jini ma ba mu rasa ba. A wajen 'yan bori, Inna, wadda ake kira Doguwa, ita ake danganta wa shanye hannu ko ƙafa, kuma iskoki jinin yanka ake ba su. A bakin mutanen birni na yau kuma akwai 'yan shan jini, wato attajirin da ake raɗe-raɗin ya ba da ɗansa don dukiya. Wannan na ƙarshe, mai kuɗin da ke rayuwa da jinin na ƙasa da shi, ya fi kowa kusa da Dirakula a ma'ana.

Inda na bi bayanki shi ne cewa yawancin littattafanmu na yaƙi da aljanu na wannan zamani ba sa kama zuciya. Dalilin ba ƙarancin dodanni ba ne, sun ma yi yawa. Rashin doka ne. Za ki ga birni mai sunan da ba na kowace ƙasa ba, jarumi ya sare dakaru dubu da sara ɗaya, in ya shiga tsaka mai wuya sai wani zobe ko tsohon boka ya ɓullo daga inda ba a sani ba ya fitar da shi. Inda komai zai iya faruwa, ba abin da zai sa gaban mai karatu ya faɗi. Stoker ya ɗaure dodonsa da sharuɗɗa: ba ya shiga gida sai an ce masa ya shigo, dole ya kwanta a kan ƙasar garinsu, tafarnuwa tana korarsa, ƙarfinsa yana raguwa da rana. Ki lura, raguwa na ce. A littafin yana yawo da rana tsaka a Landan. Mutuwa da hasken rana wani fim ɗin Jamus na 1922 ne ya shigo da ita, sauran suka ɗauka. Sannan ya sa labarin a zamaninsa sosai, da wasiƙu da yankan jarida da wayar tangaraho da jirgin ƙasa da ƙarin jini, alhali ko rukunonin jini ba a gano ba sai 1901. Tsohon tsoro a cikin sabuwar duniya, wannan ne ya sa mutanen Landan suka ji abin a jikinsu. In za ki ari wani abu a wurinsa, wannan dabarar za ki ara: aljaninki ya zo garin da ake cajin waya a shago, ake hawan kabu-kabu, ake zuwa kemis.

Dokoki kuwa ba sai kin ƙirƙira daga iska ba, kina zaune a kansu. Ke 'yar Argungu ce. Kin san ba a shiga gulbin Matan Fada da homa da gora sai Sarkin Ruwa ya ba da izini, kin san akwai gyaran ruwa kafin a yi fashin ruwa, kin ji ana cewa shi ke sallamar kadoji su ba mutane wuri. Bikin kamun kifi da duniya ta sani, wanda ake ƙirga farkonsa daga ziyarar Sarkin Musulmi Hassan ɗan Mu'azu a 1934, kuma UNESCO ta sa shi a jerin al'adun duniya a 2016, a kan wannan tsohuwar yarjejeniya tsakanin Sarkawa da ruwa yake zaune. Yarjejeniya kuwa ita ce uwar labari: wa ya ƙulla ta, me aka yi alkawari, wa ya karya, me ruwa zai karɓa a madadi. Ga kufan Surame, birnin Kanta, da ganuwarsa ta dutse tana nan a tsaye cikin daji tun ƙarni na 16. Ga dutsen Kwatarkwashi a Zamfara da labaran iskokinsa, ga Sarauniya 'Yargoje. A bori kaɗai akwai birnin Jangare da sarkinsa da fadawansa, kowane iska da gidansa da kalar tufarsa da abin da yake so da abin da ya ƙi da kiɗan da ke kiransa: Sarkin Rafi, Ɗan Galadima, Kuturu, Malam Alhaji. Marubutan Turai sukan shekara suna gina irin wannan tsari daga kansu. Abu ɗaya zan ja kunnenki a kai: abin da wasu ke girmamawa, kamar kadojin Girmace a ƙasar Zuru, kada ki mayar da shi kayan tsoratarwa, ki mayar da masu shi miyagun labarinki. An yi wa Maguzawa da 'yan bori wannan a rubuce-rubuce da finafinai har ya gundura.

Inda muka rabu da ke shi ne cewa tatsuniya ta yara ce. Wadda kika karanta a firamare an tace ta ne don aji. Tsakanin 1911 da 1913 wani jami'in mulkin mallaka, Frank Edgar, ya buga manyan littattafai uku na tatsuniyoyi da labaru waɗanda malamai suka rubuta da ajami, da yawansu daga ƙasar Sakkwato. In kika samu kika karanta za ki ga cin amana, da yunwar da ke sa uwa ta yi abin da ba a faɗa, da dodon da ke haɗiye gari, da kishin da ke kai wa ga kisa. Gizo kansa ba abin dariya kawai ba ne, mayaudari ne marar tausayi. Turawa ma haka suka yi da nasu: tatsuniyoyin da 'yan uwan nan biyu Grimm suka fara bugawa a Jamus a 1812 sun fi na yanzu muni, a bugu na baya aka yi ta sassautawa, har uwar da ta nemi kashe 'yarta a wani labarin aka mayar da ita matar uba. Kin gwada tacaccen namu da cikakken nasu ne, shi ya sa kika ga rata.

Saura maganar yayanki. In aro ne laifi, to rubutaccen ƙagen labarin Hausa da laifi ya fara. Gasar da Rupert East ya shirya a Zariya a 1933 ita ta haifar da littattafan farko, kuma Ruwan Bagaja na Abubakar Imam da Ganɗoki na Bello Kagara cike suke da aljanu da ƙasashen al'ajabi. Magana Jari Ce, da ya fito daga 1937, labaransa da yawa daga Dare Dubu da Ɗaya da tatsuniyoyin Turai da na Gabas aka ɗebo su, amma Imam ya sa musu riga da hula har ba mai cewa baƙi ne. Stoker ɗan Ailan ne, bai taɓa taka Tiransilbaniya ba, a ɗakin karatu ya tsinci abin da ya tsinta. Kowa yana ara. Inda yayanki ke da gaskiya shi ne aron da ba a narka ba: a kawo mana saurayi mai fiƙa yana kwana a akwatin gawa a Birnin Kebbi, ana korarsa da sakandami, an dai canza masa suna zuwa na Hausa.

Ta fuskar addini, hukunci na malamai ne, ki kai musu tambayar da bayanin ainihin abin da kike son rubutawa. Abin da zan ce a matsayina na mai nazarin adabi shi ne al'adarmu ta daɗe da raba ƙage da ƙarya. Mai tatsuniya tana buɗewa da "ga ta nan, ga ta nanku," ta rufe da "ƙurunƙus," har ta ƙara da cewa ba don Gizo ba da ta yi ƙarya. Ta sanar da kowa cewa abin da ke tsakanin nan shiri ne. Imam kansa ɗan gidan malamai ne. Iyakokin da nake ba ɗalibaina su ne: kada littafi ya zama wurin koyon surkulle, kada a nuna boka yana ba da abin da Allah kaɗai ke bayarwa kuma ya ci riba a kai, kada a mayar da ayoyin Alƙur'ani kayan wasan jarumi. Cikin wannan da'irar fili yana da faɗi ƙwarai.

Kafin ki rubuta layi ɗaya, ki ajiye na Turawan na ɗan lokaci ki je ki zauna da tsofaffi. Ki sami dattijo cikin Sarkawa, ki gaishe shi yadda ya kamata, ki tambaye shi abin da ba a yi a ruwa da dalilinsa, da abin da ya sami wanda ya yi. Ki shiga gidan tarihi na Kanta ki dubi kayan yaƙi da na tsafi da idonki, ki san girmansu da yadda aka ɗinka layun. Ki saurari yadda tsofaffin mata ke kauce wa kiran aljanu da sunansu, su ce mutanen ɓoye, da yadda murya ke sauka in an zo wurin. Ki bar mutanen labarinki su yi Kabancinsu, su ce "wanga yaro" da "shina zuwa," kada ki mayar da su Kanawa don kin ga haka ake yi a littafi. Garin da abin zai faru kuma ki ƙirƙira shi, ki sa shi a bakin gulbi ki raɗa masa sunan da babu shi. Kada ki ɗora maita a kan wata unguwa ko zuriya ko ƙabila da ake iya ganewa, ko da wasa, don masu karatu za su nemi su gane wa kike nufi, kuma mutanen gidan suna da 'ya'yan da za su aurar.